Wa Ya Taɓa Leƙa Rumbun Sabarku?

To, na ji ku, kuma na gode da dariyar. Tun ranar da na furta cewa zan yi rubutu a kan manhajar da ya kamata a riƙa kwafe bayanan saba da ita, ba'ar da na sha daga Bichi zuwa Kunchi ta isa a ɗaure ta dami-dami. Wani dattijo da muke shan inuwar darbejiya ɗaya ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai yaro, mu da fartanya muka saba, ba mu saba da saba ba." Aka tuntsire da dariya har da masu riƙe ciki. Wani abokina Bazazzage kuma, da yake ba ya raina abin tsokana, ya ƙona katinsa musamman ya bugo ya ce, "Bakano da zancen ajiya? Ai ku ko inuwarku aka taya sai kun sallama." Na ce masa ya bari in gama da manya tukuna, nasa kason yana nan tafe.

Baba, bari in fara da kai don girmanka. Ka ce ba ruwanka da saba, ita kuwa da ruwanta da kai. Kwamfuta ce kamar kowace, sai dai ba a zama gabanta a yi ta danne-danne. Ana kulle ta a wani ɗaki, sauran kwamfutocin ofis su riƙa zuwa ɗiba a wurinta, suna kuma kai mata ajiya. Masu fassara sun raɗa mata uwar garke, sunan kuwa ya zauna daram, don ranar da ta faɗi garken duka watsewa yake. Jikanka da ya zauna jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 ba a yin ta sai a kwamfuta, daga sabar cibiyar tambayoyin suka fito masa. 'Yarka da ke Kwalejin Ilimi ta Tarayya a Bichi, da ɗan ƙanenka da ke Kwalejin Aikin Gona ta Audu Bako a Ɗambatta, kana tsammanin a ƙwarya ake adana makinsu? Ga ɗan bashin da ka ci a ƙaramin banki don sayen taki, ga katin asibitin uwargida, ga lissafin kamfanin da ya auni riɗinka a Dawanau. Ranar da faifan cikin sabar ya mutu, bashin da ake bin ka kam za a tuna da shi ko ta halin ƙaƙa. Wanda kake bi ne zai bi ruwa.

Abin da ya fi ba ni dariya, ku da kuke mini ba'a ku ne malaman wannan fanni, ba ku dai sani ba. Wannan ƙasa tamu da ta kewaye birni, inda gona ke jingine da gona, ba saura ba daji, tun shekarun 1960 Michael Mortimore, Baturen da ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya fara zagaya ta yana nazarin yadda jama'a mai yawa haka ke ci daga ƙasa 'yar kaɗan, ana nome ta kowace damina ba hutu. Taki ne da tattali. Jaki ya kai kaya birni, ya dawo da mangalar taki. Tattalin kuma ku dube shi da idon basira. Ba a gina rumbu manne da madafa. Ana ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da danshi. Geron ci daban, irin shuka daban: a zaɓi zangarniya mai ƙiba a rataye ta can sama, kuma ko yunwa ta kai ina ba a taɓa ta. Maigida yana da gona nan bayan gida, yana da wata can wajen fadama, in ruwa ya tsallake wannan ya sauka a waccan. Hajiya tana da tumaki biyu a turke, uku kuma ta ba da kiwo a ƙauyen ƙanwarta. Mutanen da kakanninsu suka ga yunwar Kakalaba ta 1914, su kuma suka ga farin 1973 da idonsu, ba sai an zaunar da su an koya musu cewa dukiyar da ke wuri ɗaya rana ɗaya take ƙarewa ba.

Turawa sun zo sun gano wannan a makare, suka sa masa suna 3-2-1, har wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yi suna da yaɗa shi a littafinsa na 2005. Wai kwafi uku za ka mallaka, a mazubi iri biyu, ɗaya kuma a nesa da gida. Wato na ɗaki, da na rumbu, da na gidan ƙanwar Hajiya. Da Hajiya ta san ana samun suna da wannan, da ta riga shi.

Wani kuma daga sahun gaba ya gyara rawani ya ce mini, "Malam, Allah ne mai tsarewa." Haka yake, Allah gafarta Malam, ba mai ja. Amma kai ka karantar da mu labarin Annabi Yusufu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da shekaru bakwai na yalwa da bakwai na fari, da shawarar a bar hatsi cikin zangarniyarsa. Da ajiya rashin tawakkali ce, da ba Annabi ne zai tsara ta ba. Kuma na ga kwaɗon da ke ƙofar rumbunka, Malam. Ya fi na shagon mai gwal girma.

Sai 'yan boko, waɗanda gardamarsu ta fi ta kowa tsada. Wani injiniya ya ce mini sabarsu faifai huɗu gare ta, an yi mata RAID, in ɗaya ya mutu sauran su ɗauki kayan. Madalla, Injiniya. Ka san buhun PICS ɗin nan mai riɓi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro don adana wake? Leda biyu a ciki, buhu a waje, ƙwaro ya rasa iska ya mutu. Yana aiki ƙwarai. Amma riɓi ukun a kusurwa ɗaya suke jingine. Ɓarawo ba ya ɗaukar leda ɗaya ya bar maka biyu don tausayi, wuta ma haka. RAID ɗinka ke nan. Sakatare ya goge fayil bisa kuskure, faifan huɗu su goge shi tare cikin ladabi da biyayya. Masu garkuwa da bayanai, waɗanda ke turo cutar da ke kulle komai sai an biya fansa, su shigo, huɗun su kullu tare. Mai fahariya da Google Drive ko Dropbox shi ma kada ya yi saurin murmushi: madubi ne, abin da ka yi shi zai yi. Yana riƙe tsohon kwafi na wani wa'adi, in ya wuce ba ka lura ba, sai haƙuri.

Wanda ya ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ya san littafin bashi ba ya tsira don yana cikin durowa, in dai durowar tana cikin shagon. Kada kuma ku ce mu ne kawai. Ranar 10 ga Maris, 2021, wani ginin sabobi na kamfanin OVH a Strasbourg ta Faransa ya ƙone ƙurmus, wasu masu hulɗa da shi suka wayi gari suka tarar ajiyar tasu ta ko-ta-kwana ma a harabar take. A watan Satumba na 2025 batir ya kama da wuta a cibiyar bayanan gwamnatin Koriya ta Kudu a Daejeon, terabait 858 na takardun ma'aikata suka tafi, ba kwafi ko ɗaya, wai sun yi yawa ba a iya kwafe su. Koriya fa, masu ƙera mana wayoyin. Sun gina rumbu ya yi girma har suka ga babu buƙatar ware iri.

Ga kuma saurayin da ya ce a tura komai gajimare a huta. Ɗan samari, gajimaren nan kwamfutar wani ce a ɗakin wani, kuma yawancinsu da dala ake biyan haya. Zo mu yi lissafi. Ka ce bayananku gigabait 500 ne. Mu ce sabis ya yi maka kirki yana tura megabit 5 kowace daƙiƙa. Sama da kwana tara ke nan dare da rana, in wuta ba ta ɗauke ba, data ba ta ƙare ba, iska kuma ba ta kaɗa ƙarfen sabis ba. A Tsanyawa ne ko a Makoɗa za ka samu wannan kwana taran? Wannan ma turawa ce, ana iya yi da sannu. Ranar da saba ta mutu, layin mutane ya kai bakin titi, kana jiran kayanka su sauko daga sama, ranar za ka san hadari ba ruwa ba ne. Ban ce a ƙi gajimare ba. Gidan ƙanwar Hajiya ne, kwafi na uku, kuma ba lallai sai a ƙetare ba, tunda Galaxy Backbone ta gwamnatin tarayya ma tana da cibiyar adana bayanai a nan Kano. Amma manhajar da za ka zaɓa ta zama mai kwashe duka sau ɗaya, daga nan sai abin da ya ƙaru ko ya sauya kawai take turawa. Ta kuma iya kulle kayan kafin su bar gida, don tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, kuma ciwon uwargidan Baba ba abin shanyawa a kasuwa ba ne.

To yanzu, wace manhajar? Na san nan kuke jirana da sanda.

Duk yaron da ya fara ɗanɗana Linux, sunan da zai fara kawo maka shi ne Bacula. Ba ƙarya, jibgegiya ce. Kern Sibbald ya fara gina ta a 2000, manyan cibiyoyi suna aiki da ita, tana sarrafa ɗaruruwan kwamfutoci har da na'urorin kaset. Amma gida ne mai sassa da yawa: ga mai ba da umarni, ga mai tsaron ma'aji, ga wakili a kowace kwamfuta, ga kundin da ke riƙe da lissafin abin da aka ajiye, kowanne da takardar saitinsa da ake rubutawa da hannu, kuma kalmomin sirrinsu sai sun dace da juna. Tarakta ce. In gonarka kadada dubu ce, kana da direba da makanike da ke kwana a gidanka, bismilla. Amma irin gonakinmu na Gezawa da Minjibir, kafin tarakta ta juya ta take gyaɗar maƙwabci, an tafi gaban dagaci. Bareos, wadda ta ɓalle daga jikinta a 2010, ta ɗan fi sakin fuska, amma jinin ɗaya ne. Amanda kuwa, da aka haifa a Jami'ar Maryland tun farkon shekarun 1990, a gaishe ta da ladabi a wuce.

Akwai restic da BorgBackup, waɗanda ni kaina nake so. Allura ce kowaccensu, ga ƙanƙanta ga kaifi, suna kulle kaya, ba sa ajiye abu ɗaya sau biyu. Amma da rubuta umarni a baƙin allo ake sarrafa su, allura kuwa sai tela. Veeam tana da kyau, musamman ga mai sabobin da aka gina cikin saba a VMware ko Hyper-V, kuma akwai ta kyauta har zuwa na'ura goma. Ka wuce goma, a fara yi maka lissafi da kuɗin da ba naira ba. Mai kuɗi yana iya sayen akwatin Synology da ke zuwa da tasa manhajar, ya jona ya huta, in ya iya kallon farashin bai yi salati ba.

Ni dai in aka tambaye ni don makaranta ko ƙaramin asibiti mai saba ɗaya da kwamfuta goma ko ashirin, yawanci masu Windows, UrBackup zan nuna. Kyauta ce. A samu tsohuwar kwamfuta mai lafiya a sa mata babban faifai, a kai ta wani ɗaki dabam, in da hali wani gini dabam. A sa ɗan wakilinta a kowace kwamfuta, ita da kanta za ta lalubo su a layin ofis. Tana kwafe fayiloli, tana kuma ɗaukar hoton faifai sukutum, yadda in saba ta mutu za a zuba shi a sabon faifai a tashe ta kamar yadda ta kwanta. Shafi ɗaya za ka buɗe ka ga wadda aka kwafe jiya da wadda aka kwana biyu ba a leƙa ba. In gidan na Linux ne, BackupPC ma jaka ce mai haƙuri: ba sai an sa komai a sauran kwamfutocin ba, da rsync take zuwa ta ɗebo, kuma takardar da ke kwamfuta ashirin sau ɗaya take ajiye ta. A kan kowace ka tsaya, ƙara da faifan hannu guda biyu. Duk Alhamis a kwafe a ɗaya, a zare shi, ya kwana gidan shugaba, a dawo da ɗayan. Abin da ba a jone yake ba, mai garkuwa ba shi da hanyar kai masa.

Na ji wani Alhaji yana cewa araha ba ta ado, balle kyauta. Alhaji, rsync ɗin nan tun 1996 Andrew Tridgell da abokin aikinsa suka sake ta kyauta, kuma har yau manyan kamfanonin duniya da ita suke jigila. Abin da ya kamata ka ji tsoro shi ne manhajar kuɗi da yaronka ya samo ta bayan gida, an fasa mata kwaɗo, ya ce maka ya yi maka sauƙi. Ka ɗauki amanar ofis gaba ɗaya ka ba wa abin da ɓarawo ya gyara. Ko a tatsuniya ba a ba kura ajiyar nama.

Dalilin da ya sa nake ta nanata sauƙi, na gani ne da idona. Wata makaranta ce a yankin nan, ba zan kama suna ba don muna haɗuwa a wurin ɗaurin aure. Aka turo musu ɗan bautar ƙasa mai kai kamar me. Ya haɗa musu tsarin ajiya wanda ko a Abuja sai a tafa masa, komai a kulle, komai yana tafiya da kansa cikin dare. Shekara ta cika, aka yi masa walima, ya hau mota. Bayan damina biyu wuta ta zo da ƙarfi ta soye sabar. Aka kira ni, shugaba yana ta murmushi yana cewa ai ba komai, akwai ajiya. Na duba. Faifan ajiyar ya cika tun fiye da shekara, manhajar kuma baiwar Allah kullum tana aika kuka, amma imel ɗin yaron take aikawa. Wanda ke ciki ma a kulle yake, makullin yana kansa. Da ƙyar muka samo lambarsa, yana can kudu ya yi aure. Ya ce kalmar sirrin sunan wata yarinya ce da yake nema a lokacin, amma yanzu matarsa tana kusa, mu kira shi gobe.

Tun ranar na daina tambayar manhaja me ta iya. Abin da nake tambaya, in mai kai ya tafi, wanda aka bari zai iya buɗe ta? Ku kira magatakardan da ya fi kowa tsoron kwamfuta a ofis, ku miƙa masa takarda mai shafi ɗaya, ku ce ya maido da fayil ɗin da aka goge ranar Talata. In ya yi kafin shayinsa ya huce, kun samu manhaja. In sai ya buga waya Legas, ku sake lale. Kukanta kuma ya riƙa zuwa wa mutum biyu da ke cin albashi a wurin, kalmar sirri a rubuta a takarda a liƙe ambulan, a ajiye inda ake ajiye takardar fili.

Gwajin nan ba na ƙauyawa ba ne kawai. Ranar 31 ga Janairu, 2017, wani ma'aikacin GitLab, kamfanin da sana'arsa ke nan riƙe wa masu rubuta manhaja kayansu, ya goge kusan gigabait 300 a sabar da ba ita ya nufa ba. Hanyoyin ajiya biyar gare su. Da aka zo buɗewa, ba wadda ta amsa sallama yadda ya kamata. Wani kwafi da aka ɗauka da hannu awa shida kafin nan shi ya fitar da su kunya. A 1998 kuma kamfanin Pixar ya goge mafi yawan fim ɗin Toy Story 2 ana tsakiyar aikinsa, aka je rumbu aka tarar ya daɗe da lalacewa ba wanda ya leƙa. Wata ma'aikaciyarsu, Galyn Susman, tana jego tana aiki daga gida, kwafin yana kwamfutarta. Aka naɗe kwamfutar da bargo aka ɗauko ta a mota kamar jaririn. Manomi ko bai yi boko ba yakan hau rumbu lokaci-lokaci ya zura hannu, ya ji gero ne ko gara ta mayar masa da shi gari.

Masu cewa duk wannan banza ne tunda ba wuta, ku ma ga naku. A watan Yuni na 2017 cutar NotPetya ta afka wa Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na Denmark. Sai da suka sake ɗora sabobi 4,000 da kwamfutoci 45,000, asarar ta doshi dala miliyan 300. Sabobin da ke riƙe da sunaye da izinin ma'aikatansu na duniya duka suka mutu, saura ɗaya tal, a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma, wasu sun ce Gana, wasu sun ce Legas. Me ya cece ta? An ɗauke wuta. Tana kashe lokacin da annobar ta ratsa. Wato abin da muke tsine wa dare da rana shi ya tsamo kamfanin Turawa daga rijiya. Amma kada wani ya ce na ce ya dogara da 'yan wuta su yi masa ajiya. Ka sa wa saba da rumbunta batir ko sola, ka kuma gwada manhajar: zare mata wuta tana tsakiyar aiki, ka ga in an dawo za ta ci gaba da kanta ko zama za ta yi tana jiran a lallashe ta.

Shekaranjiya na koma gindin darbejiya, na tarar Baba ya yi tagumi. Ashe wayarsa ce ta faɗa rijiya yana leƙen guga, kuma duk waɗanda ya ba bashin iri bana a cikinta jikansa ya rubuta masa su. Na ce, "Baba, ai da fartanya ka saba." Ya ɗaga sanda, na matsa. Ina cikin matsawar sai ga wayar Bazazzage, murya ƙasa-ƙasa kamar mai neman aure. Kwamfutarsa ta ƙi tashi, kundin digirinsa na shekara uku yana ciki, ko zan iya yin wani abu. Na tambaye shi ina kwafin. Ya ce yana ciki, a wani fayil dabam. Na ce ya hau motar Kano ya kawo ta, zan duba, amma ya taho da kuɗi a aljihu, kuma ya fara tayawa tun daga Kwanar Dangora.